Tazarar Arewa da Kudu a Najeriya: asalinta da abin da ke riƙe da ita

Bambancin arziki da jin daɗin rayuwa tsakanin Arewa da Kudancin Najeriya abu ne da aka auna aka sake aunawa, kuma kowane awo labari ɗaya yake bayarwa. A binciken yanayin rayuwar iyalai da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tsakanin 2018 da 2019, an ɗauki duk wanda abin da yake kashewa a shekara bai kai Naira 137,430 ba a matsayin matalauci. Da wannan ma'auni, kashi 40 cikin 100 na 'yan ƙasar ne suka faɗa cikin talauci. Sai dai wannan adadi na ƙasa baki ɗaya yana ɓoye abu mai yawa. A Legas kashi 4.5 ne kacal, alhali a Sakkwato da Taraba da Jigawa kowacce ta haura kashi 87. Jihar Borno ma ba a sa ta a lissafin ba, domin rashin tsaro ya hana ma'aikata shiga ƙauyukanta yadda ya kamata.

A 2022 hukumar ta sake awo ta wata fuskar, inda ta duba abinci da lafiya da makaranta da ruwan sha da muhalli da aikin yi, ba kuɗin aljihu kaɗai ba. Ta samu mutum miliyan 133 cikin talauci, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa. Amma alƙaluman da suka fi sosa rai su ne na binciken lafiya na ƙasa na 2018. A cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai a jihar Kebbi, 252 ba sa ganin shekara biyar. A jihar Ogun 30 ne. Zafin naƙudar da uwa ke sha ɗaya ne, ƙasa ɗaya ce, kuɗi ɗaya ake kashewa, amma ɗan Kebbi ya fi ɗan Ogun haɗarin mutuwa fiye da sau takwas.

Ya kamata a yi hattara da ɗaukar Kogin Neja a matsayin iyakar talauci. Jihar Ebonyi a Kudu maso Gabas ta kusa kashi 80 a awon 2019, kuma a awon 2022 Bayelsa, mai rijiyoyin man fetur, ita ce ta biyu bayan Sakkwato. A cikin Arewar ma, ratar da ke tsakanin unguwar Nasarawa a Kano da wani ƙauye a bayan Gwaram ko Tangaza ba ta gaza wadda ke tsakanin Kano da Legas ba. Duk da haka, idan aka jera jihohi 36 bisa kowane ma'auni, na karatu ko na haihuwa a asibiti ko na allurar rigakafi, jihohin Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas ne ke cika ƙasan jerin.

Ba haka abin yake tun fil azal ba. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar da birni mai masaƙa da marina da majema, wanda tufafinsa ke kaiwa Timbuktu da Tarabulus. Fataken Hausa suna zuwa Gwanja saro goro, ayarin raƙuma na shigowa daga Agadas da gishiri. A wancan zamani hanyar kasuwancin duniya ta hamada take, kuma Kano da Katsina da Kukawa su ne ƙofar gida. Da Turawa suka mayar da ciniki bakin teku, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911, sai ƙofar ta koma Legas, Arewa ta zama ƙuryar ɗaki. Duk abin da za ta sayar ko ta saya sai ya yi tafiyar kilomita sama da 1,000, kuma kuɗin kwastan a bakin ruwa ake karɓarsa. Hatta haɗewar Arewa da Kudu a 1914, ɗaya daga dalilanta shi ne gwamnatin Arewa ba ta iya riƙe kanta da harajinta, ana so kuɗin kwastan na Kudu ya cike giɓin.

Jirgin ya kawo albarkar gyaɗa, kuma attajirai irin su Alhassan Ɗantata sun yi suna da ita. Dalar gyaɗa ta zama abin alfahari har aka buga hotonta a takardun kuɗi. Amma dalar nan buhuna ne na ɗanyen kaya da ke jiran taragon da zai kai su Legas, daga can a wuce da su Ingila a matse mai. Ribar matsewa da sarrafawa a can ta tsaya. Wannan tsari na sayar da ɗanye a sayo sarrafaffe shi ne har yau bai sauya ba, sai dai kayan da suka sauya.

Mafi nauyin abin da mulkin mallaka ya bari shi ne ratar makaranta. 'Yan mishan sun sauka Badagry a 1842, kuma a 1859 an riga an buɗe makarantar sakandare a Legas. A Arewa kuwa, Turawa sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su bar 'yan mishan su shiga ƙasashen Musulmi ba, kuma su da kansu ba su da niyyar kashe kuɗi a kan karantar da talakawa. Makarantar da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ta 'ya'yan sarakuna ce da malaman da za su yi wa En'e aiki. Kwalejin Katsina ta biyo baya a farkon shekarun 1920, ita ma ɗalibanta ƙalilan ne. Akwai kuma wata asara da ba a cika lissafa ta ba. Arewa tana da dubban makarantun allo da zaurukan ilimi, da mutanen da ke rubuta wasiƙa da lissafin ciniki da ajami ko Larabci. Da aka mayar da boko da Turanci harshen ofis, sai duk waɗannan masu ilimi suka wayi gari a takardun gwamnati a sahun waɗanda ba su iya karatu ba. Iyaye kuma suka ɗauki makarantar boko a matsayin abin baƙo da ake tilasta wa mutum, har dagatai kan kama 'ya'yan marasa galihu su cika adadin da aka ɗora musu. Wannan zargi bai gama mutuwa ba har yanzu.

Sakamakon ya fito fili da aka doshi 'yancin kai. Da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1953, wakilan Arewa suka ƙi amincewa da wa'adin 1956, domin sun san ba su da ma'aikatan da za su riƙe ofisoshi. Yamma da Gabas sun samu mulkin kansu a 1957, Arewa sai 1959. A tsakanin nan, a 1955, gwamnatin Obafemi Awolowo ta fara ilimin firamare kyauta a Jihar Yamma. Yaran da suka shiga aji a wannan shekara su ne kakannin likitoci da lauyoyi da injiniyoyin da ke cike da Legas da Ibadan a yau. Ilimi gado ne da ke ninkuwa, domin uwar da ta yi karatu ba ta barin ɗanta a gida.

Gwamnatin Sardauna ta fahimci wannan, kuma ta yi ƙoƙarin da ya cancanci yabo cikin shekaru kaɗan. An kafa masaƙar Kaduna a 1957, aka kafa Bankin Arewa da kamfanin raya Arewa, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aka yi gangamin Yaƙi da Jahilci don manya. Duk wannan da kuɗin gyaɗa da auduga da fatu da harajin talakawa aka yi, a lokacin da tsarin mulki ya ba kowace jiha rabin kuɗin da aka samu daga ma'adinan ƙasarta, kuma kowacce take riƙe da hukumar cinikin amfanin gonarta. Gwamnatin da ta dogara da gyaɗar manomi dole ta damu da manomin.

Man fetur ne ya yanke wannan igiya. Daga shekarun 1970 jihohi suka koma jiran kason wata-wata daga asusun tarayya. Fari da cutar gyaɗa suka haɗu da sakaci, dalar gyaɗa ta ɓace. An gina manyan madatsun ruwa kamar Tiga da Bakolori da Goronyo, amma mafi yawan filayen da aka tsara za su shayar ba a kammala su ba. Masana'antu sun ɗan yi tashe. A Kakuri ta Kaduna, akwai lokacin da idan jiniyar tashi daga aiki ta kaɗa, titi kan cika da kekuna har mota ba ta samun hanya, masu abinci da masu gidajen haya da teloli duk suna ci daga albashin ma'aikatan masaƙu. Haka Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar Naira, kayan gyaran injuna suka yi tsada, wutar lantarki ta zama sai an ga dama, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa. A shekarun 2000 masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Yau Kantin Kwari na cikin manyan kasuwannin tufafi a Afirka ta Yamma, amma mafi yawan abin da ke jibge a rumfunanta daga Sin aka yo odarsa, a garin da ya taɓa tufatar da ƙasashen yankin.

Masana'antun Kudu ma sun sha wannan wahala, amma suna kusa da tashar jiragen ruwa, kusa da bututun iskar gas, kusa da hedikwatocin bankuna. Mai kamfani a Kano yana biyan kuɗin tirela daga Apapa kafin ya kunna inji, sannan ya sayi man janareta da aka yi dakonsa daga Kudu. Ba abin mamaki ba ne da attajirin da ya fi kowa kuɗi a Afirka, ɗan Kano, ya gina matatar mansa a Lekki. Jari ba ya bin garin haihuwa, inda lissafi ya fita nan yake sauka. Wani abin takaicin shi ne Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru duk a Arewa suke, amma a Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke biyowa ta Binuwai kuma ya samu matsala, mafi yawan jihohin Arewa sun kwashe sama da mako guda cikin duhu. Masu niƙa da masu walda da masu ƙanƙara suka zauna hannu rabbana. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa a 2020, an kuma sha ɗage ranar gamawa.

Ana yawan bugun ƙirji cewa Arewa ce ke ciyar da ƙasa. Gaskiya ne, shanun Potiskum da Maigatari, da albasar Aliero, da tumatirin Kadawa, da hatsin Dawanau su ke cika kasuwannin Kudu. Amma abin da ya faru a farkon 2021 ya nuna iyakar wannan ƙarfi. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta hana motoci sauka Kudu. A kasuwar Mile 12 ta Legas farashin tumatir ya yi tashin gwauron zabo. A Arewa kuwa, kwanduna suka taru a bakin titi cikin rana, ruwa na tsiyaya daga ƙasansu, manomin da ya ci bashin taki da man ban-ruwa yana roƙon a saya ko da a kuɗin kwandon ne. Cikin 'yan kwanaki aka janye matakin. Wanda ba shi da wurin adana kayan gwari, ba shi da injin mayar da su na gwangwani, ba shi ne ke yanke farashi ba, ko da shi kaɗai ke nomawa. Haka fata take: ana jeme ta rabi a Chalawa, a tura Italiya da Sifaniya, a can ta zama takalmi da jaka masu tsada. Riɗi da zoɓo su ma a buhu suke barin Dawanau.

Tirelar da ke ɗaukar shanu ita ke ɗaukar matasa a saman kaya. Ci-rani tsohuwar al'ada ce, manomi ya tafi bayan girbi ya dawo da faɗuwar damina. Yanzu da yawa ba sa dawowa, domin gonar ta yi kaɗan ko 'yan bindiga sun hana zuwa. A Legas da Fatakwal da Onitsha su ne 'yan acaɓa da 'yan dako da masu gadi da masu yankan farce da 'yan ga-ruwa. Sana'o'i ne na halal, kuma kuɗin da suke aikowa gida na riƙe da iyalai masu yawa. Amma sana'o'i ne da doka ɗaya ta gwamnan jiha kan iya shafewa a dare ɗaya, kamar yadda aka gani da Legas ta hana acaɓa a manyan unguwanninta a 2022.

Idan aka zo maganar magani, muhawarar manyan Arewa kusan kullum a kan rabon kuɗin tarayya take tsayawa, kamar yadda aka gani a taƙaddamar dokokin haraji ta ƙarshen 2024. Kare kason yanki ba laifi ba ne. Amma lissafin ba ya goyon bayan masu cewa a wurin rabo aka cuci Arewa. A tsarin rabon kuɗi tsakanin jihohi, kashi 40 daidai-wa-daida ake rabawa, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 10 bisa faɗin ƙasa, kuma duk waɗannan ba su ƙware Arewa ba. Kano na da ƙananan hukumomi 44, Jigawa da aka cire daga jikinta a 1991 na da 27, Legas 20. Inda bambancin yake shi ne abin da kowace jiha ke tarawa da kanta. A 2023 Legas ta tara sama da Naira biliyan 800, yayin da Taraba da Yobe da Kebbi kowacce ba ta kai biliyan 12 ba. Haraji daga aikin yi da ciniki yake fitowa, kuma babu dabarar rabo da za ta ƙirƙiri masu biyan haraji a inda ba a horar da su ba.

Riƙe mulkin tarayya ma bai yi maganin abin ba. 'Yan Arewa sun shugabanci ƙasar fiye da rabin shekarun da ta yi da 'yanci, kuma ratar ba ta ragu ba. Tsarin raba guraben aiki da na karatu bisa jiha ya taimaki waɗanda suka riga suka kai bakin ƙofar jami'a, wato 'ya'yan masu hali da na ma'aikata, amma ba ya isa ga yaron da bai taɓa shiga aji ɗaya ba. Yanzu kuma yayin hukumomin raya shiyya ake yi: ta Arewa maso Gabas a 2017, ta Arewa maso Yamma a 2024. Kafin a ɗora musu buri, yana da kyau a dubi ta yankin Neja Delta da aka kafa a 2000, wadda binciken da aka miƙa wa gwamnati a 2021 ya gano ayyuka sama da 13,000 da aka yi watsi da su a ƙarƙashinta.

Abubuwan da ke raba yaron Kebbi da na Ogun, wato makarantar firamare da ƙaramin asibiti da rijiyar burtsatse, ba aikin Abuja ba ne. Nauyin jihohi ne da ƙananan hukumomi. Wanda ya leƙa firamaren gwamnati a gefen kowane babban birnin Arewa zai ga aji ɗaya da yara sama da 100 a zaune a ƙasa, allo ya koɗe, malami ɗaya yana zagaya azuzuwa biyu ko uku, rufin kwano iska ta yaye tun daminar bara. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba. An yi ta jayayya kan yadda aka yi jarrabawar da kuma korar da ta biyo baya, amma ba wanda ya musa cewa an daɗe ana raba aikin koyarwa a matsayin ladan siyasa. Uban da ya ga ɗansa ya gama aji shida bai iya karanta sunansa ba, idan ya mayar da shi gona ko kasuwa, lissafi ya yi, ba ƙin boko ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ilimin farko, da sharaɗin jiha ta kawo kwatankwacin abin da za ta karɓa. Shekara da shekaru biliyoyin Naira na kwance a asusun tallafin saboda jihohi, har da na Arewa, ba su kawo nasu ba, a daidai lokacin da ake samun kuɗin gadar sama da filin jirgi da kujerun Hajji na rabo.

Batun 'ya'ya mata shi ne inda asarar ta fi yawa. Yarinyar da aka ɗora wa farantin talla da safe, uwarta na tara kuɗin kayan ɗaki ne, domin ta san ranar biki ita za a kalla. Idan makarantar sakandare na nesa da kilomita goma, babu katanga, babu makewayi, babu malama mace, to aure da wuri shi ne abin da iyaye ke gani ya fi aminci. Daga nan sauran ke biyowa. Binciken 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yamma kan haifi 'ya'ya 6.6 a matsakaici, a Kudu maso Yamma 3.9. Kuma asibitin ƙauye ba zai samu ungozoma ko ma'aikaciyar jinya 'yar gari ba sai an yaye 'yan mata daga sakandare, ga shi magidanta da yawa ba sa yarda namiji ya duba iyalinsu. Sace ɗalibai a Chibok a 2014, da Dapchi, da Ƙanƙara, da Jangebe, da Kuriga a 2024 ya ƙara wa iyaye hujjar riƙe 'ya'yansu a gida, makarantun kwana da dama kuma aka rufe su. Makarantun tsangaya na zamani da gwamnatin Jonathan ta fara buɗewa a 2012 an miƙa su ga jihohi, yawancinsu suka lalace don ba a ware musu kuɗin abinci da albashi ba.

Akwai wuraren da aka ga abin da zai yiwu. Cikin shekaru goma da suka wuce injinan casar shinkafa sun yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa, kuma a Kura da kewayenta mata masu turara da masu shanya da masu ɗinkin buhu sun samu abin yi, domin a karon nan an sarrafa kayan kafin ya hau mota. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu, kuma yankin da ya fi kowa hasken rana ba shi da dalilin jiran layi ɗaya daga Shiroro. Tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, kason da jihohi ke karɓa ya ƙaru ƙwarai, don haka uzurin rashin kuɗi ya yi rauni. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da gwamnoni ke juyawa ba. Daga wannan kuɗi ne ake biyan malaman firamare da ma'aikatan ƙananan asibitoci, kuma aiwatar da hukuncin na ta jan ƙafa. Majalisun dokokin jihohi, da sarakuna, da malaman da ke hawa mumbari kowace Juma'a, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, duk suna da bakin tambayar gwamna nawa aka saki daga abin da aka rubuta wa ilimi da lafiya a kasafin bana, malamai nawa aka ɗauka ta hanyar jarrabawa, kuma asibitin mazaɓa nawa ne ke da ungozoma da ke kwana a wurin.